Makankarin Ƙanena

A kan kabad ɗin falona akwai wani farin ɓawo mai nauyi, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu a haɗe, bakinsa a lanƙwashe hawa da gangara kamar kwanon rufi. Baƙi sukan ɗauka kaskon turare ne. In an tambaye ni nakan ce makankari ne, in ci gaba da zuba shayi. Ba kowa nake ba labarinsa ba, don in na fara muryata takan canza, kuma ba na son a ga wannan fuskar tawa. Ni ko kaza ba na iya tsayawa a yanka a gabana. Amma a kan ɓawon nan na riƙe wata mata a zuciya shekara biyu cur ina jiran rana, kuma da ranar ta zo ban sassauta ba.

Ƙanena ne ya kawo shi daga Legas, a shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Azare. Mu biyu kaɗai muka rayu a wurin Innarmu, kuma ni na goya shi. Ya yi karatun kiwon kifi, aiki bai samu a nan ba, ya tafi kudu ya kama aiki a shagon wani bature mai haɗa wa manyan otal akwatunan gilashi na kifin teku. Ya shekara shida a can. Sai ciwon ƙoda ya kama shi, a daidai lokacin da baturen ya tattara zai koma ƙasarsu. Da zai tafi ya bar masa akwati guda da duk kayansa. Ƙanena ya ɗauko a-kori-kura, ya naɗe gilashin da katifu, suka yi kwana biyu a hanya, shi yana gaba rungume da wata kula a cinyarsa kamar mai jariri.

Gidan Inna a Gadau ba wuta a lokacin, don haka a falona aka sauke. Maigidana, wanda nake kira Malam saboda koyarwa yake yi a sakandare, ya dubi akwatin, ya dubi ƙafafun ƙanena da suka kumbura, ya ce a matsar da kujera a ba shi jikin taga.

Kwana uku yana haɗa ruwa. Gishirin ma nasa daban ne, a bokiti mai murfi, ba namu na miya ba. Ya jera wasu duwatsu masu huji-huji kamar gara ta ci su, ya sa ƙaramin famfo mai motsa ruwa, ya rataya fitila mai haske fari fat. Duk wannan lokacin abin yana cikin kular, ana hura masa iska. A rana ta huɗu da hantsi ya kira ni.

"Yaya, zo ki gani. Ki wanke hannu tukuna, ban da sabulu. Kin shafa mai?"

"Na shafa."

"To koma ki ɗauraye har gwiwar hannu. Shi mai da turare guba ne gare shi."

"Kai dai ka kawo mana sarki gida."

Ya yi dariya, ya tsoma hannu cikin kular ya ɗago shi a rufe ruf. Ya nutsa shi cikin akwatin a hankali, ya juya shi sau biyu har wani kumfan iska ya fito daga cikinsa, sannan ya zaunar da shi a kan wani dutse mai faɗi da ya tanada a tsakiya, gindi ƙasa, baki sama, inda hasken taga ke sauka da safe, nesa da bakin famfon.

"Sau ɗaya ake ajiye shi," in ji shi. "Nan da 'yan kwanaki zai fito da zare ta ƙasa ya kama dutsen. Daga ranar da ya kama, ba a ɗaga shi. In dole ne, da dutsen ake ɗauka gaba ɗaya. Wanda ya fizge shi ya tsinka masa ciki."

Muka zauna a tabarma muna jira. Can sai bakin ya fara rabuwa, wani nama ya kunno kai ya bazu bisa gefen ɓawon, shuɗi da kore suna shiga juna, da ɗigo-ɗigo irin na zabuwa, yana ƙyalli fiye da duk wata shadda da na taɓa gani a kasuwa. Na ce subhanallah ban san sau nawa ba. Na tambaye shi me za a ba shi ya ci. Ya ce haske. Akwai wasu ƙananan tsirrai a cikin naman da ido ba ya gani, su suke dafa masa abinci da hasken rana. Ya ce asalinsu Bahar Maliya, can wajen Jidda, kuma akwai 'yan'uwansa da sukan yi girman turmi. Sannan ya gitta tafin hannunsa bisa ruwan, inuwa ta faɗa masa, nan take abin ya ja namansa ya tsuke baki, ya feso ruwa sama. Ɗigon nan na gefe ashe idanu ne, inuwa kawai suke gani.

Da Inna ta zo dubiya ta daɗe tsaye a gabansa, hannu a ƙugu. Ta ce, "Wannan ai makankari ne, irin wanda muke kankare tukunya da shi. Wuri ya samu ya yi ƙiba." Sunan da ya bi shi ke nan.

Wata biyar ƙanena ya yi a gidana. Kullum bayan asuba yakan jawo tabarma jikin akwatin da carbinsa, yana jiran rana ta shigo ya ga an buɗe baki. A nan ya koya mini aikin. Ya ja layi da jan biro a jikin gilashin: in ruwa ya ja baya, a cika shi da ruwan sama zalla, ban da gishiri, don ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Ya nuna mini ma'aunin gishiri mai allura da ma'aunin zafi. Ya nuna mini yadda ake jona famfon da batirin mota in an ɗauke wuta, da yadda ake duba gefen ɓawon da buroshin haƙori saboda wasu ƙananan katantanwa masu kama da ƙwayar shinkafa da ke tsotsarsa. In na yi kuskure sai ya ce, "Haba Yaya, ke da kika ci kimiyya a makaranta?" Ya rasu cikin damina, ranar wata Talata, bayan azahar. Kwana biyu kafin nan ya nuna akwatin da haɓa ya ce, "Amana, Yaya."

A zaman makokinsa abin ya faro. Maƙwabciyata ta katanga ɗaya, matar wani mai sayar da katako, ta girme ni nesa, kowa Hajiya yake ce mata ko da yake a lokacin ba ta taɓa taka jirgi ba. Shekara tara muna zaman lafiya. Akwai reshen lemun tsamina da ya tsallaka gidanta, ban taɓa ƙirga abin da take tsinka ba. Ranar uku, falo cike da mata, ta tashi ta je ta sunkuya bisa akwatin, mayafinta ya tare hasken. Makankari ya tsuke baki ya feso mata ruwan gishiri a fuska. Ta ja da baya ta taka kwanon wata, tana a'uzubillahi. Gidan makoki ne, amma sai da wasu suka danne baki da mayafi. Na ga idonta lokacin da ta waiwayo ta ga masu dariyar. Ta goge fuska ta ce, "Ya san wanda yake da addu'a a bakinsa."

Ban ɗauki maganar komai ba. Ina cikin kukana.

Bayan arba'in na koma Islamiyya, sai na ga kamar tabarmar ta ƙara faɗi a gefena. Wadda muke karanta littafi ɗaya ta sayo nata. Na kai zoɓo wata walima aka dawo mini da shi ba a taɓa ba. Matar da nake sayen ƙanƙara a wurinta ce ta tausaya ta gaya mini, tana kallon ƙasa. Wai ƙanena ba aikin kifi ya yi a kudu ba, tsafin neman dukiya ya shiga. Wai abin da ya kawo shi ya shanye masa jini, shi ya sa ya kumbura. Wai akwai laya da gashin mutum a ƙarƙashinsa, shi ya sa ba a yarda a ɗaga shi. Wai ni na gaji ciyar da shi. Na tambaye ta daga bakin wa. Ta ce, "Ke ma kin sani. Katangarku ɗaya."

Abin da aka faɗa a kaina da sauƙi. Amma wata ranar Lahadi Inna ta sauko daga mota ba ta aiko ba, ko ruwa ba ta sha ba ta ja ni ɗaki. A wajen wani biki a Chinade ta ji. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Ki dubi Allah ki gaya mini gaskiya. Me ɗana ya kawo gidan nan? In ci gaba da yi masa addu'a da sakakkiyar zuciya, ko kuwa?" Uwar da ta haife shi ke nan. Yaron da ko a gadon asibiti yake tambaya ko an kira la'asar. Na rantse mata, na ɗauko littafin Turancin da ya bari mai hotuna na nuna mata. Ta gyaɗa kai ta koma, amma na ga da wane irin ido ta wuce akwatin.

Malam ya ce mu kwashe abin mu bai wa wata makaranta, magana ta mutu. Na ce in aka fitar da shi yanzu, an gaskata su ke nan. Kuma amana ce.

Bazarar shekarar nan na san na yi aiki. Zafin Azare da mutum ma yake neman inda zai sa kansa, balle ɗan teku. Na naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefe uku kamar randa. Robobin ruwa nake daskarar da su, in riƙa jefa ɗaya in cire ɗaya, idona a kan ma'aunin zafi. Ruwan saman da na tara a jarkoki tun watan Agusta, wanda ba na farkon indararo ba, shi nake auna masa da kofi, ko shayi ban yarda a dafa da shi ba. Ga ciki ina ɗauke da shi, wata bakwai. In wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, Malam yakan ɗora batirin a babur ya kai caji yana ƙunƙuni. Makankari ya tsallake bazara. Har wani sabon farin layi ya fito a gefen ɓawonsa, alamar ya ƙara girma. Da na gani na zauna na yi kuka, don babu wanda zan nuna wa da zai gane.

Na haihu farkon damina, mace. Ranar suna gida ya cika. Ina ɗaki ana ɗaura mini ɗankwali sai na ji ihu daga falo, da salati, da ƙarar ruwa a ƙasa. Na fito da zani a ƙirji. Hajiya ce tsaye a gaban akwatin, ta naɗe hannun riga, hannunta jiƙe har hammata, ta ɗaga wani abu sama tsakanin yatsu biyu tana juya shi kowa ya gani.

"Ga shi nan! Ban faɗa muku ba? Gashin mutum!"

Zaren ne. Wani ɗan tuntu ruwan ƙasa kamar gemun masara, da guntun nama fari a gindinsa. Makankari yana kife a gefe cikin yashi, inda ta sake shi. Wani maiƙo na man shafawarta yana yawo a saman ruwan.

Ban yi ihu ba. Na ratsa matan na ɗauraye hannu, na miƙar da shi a kan dutsensa, gindi ƙasa, baki sama. Na miƙa mata tafin hannu na ce, "Ba ni." Ta sa mini zaren tana ja da baya. Na ce mata, "Hajiya, a gidana, ranar sunan 'yata." Ta ce ai taimakona ta yi, don kada abin ya koma kan jaririya. Wasu suka ce gaskiya ne. Wasu suka nemi takalmansu.

Kwana huɗu ya yi. Na canza ruwa, na rage haske, na yi duk abin da littafin ya ce. Bakin ya wangale ya ƙi rufuwa, naman ya janye ciki ya koɗe. Ina gitta hannu bisa ruwan, ina ƙara gittawa, ba ya ko motsi. A rana ta huɗu wari ya tashi. Na binne naman a gindin lemun, na wanke ɓawon, ya rabu gida biyu a hannuna. Zaren kuma na shanya shi na sa a ambulan cikin littafin, a daidai shafin da hotonsa yake.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi duka, amma ba zan ɓoye ba. Na san bai halatta ka ƙaurace wa musulmi fiye da kwana uku ba, don haka nakan yi wa Hajiya sallama. Sallamar kawai, busasshiya, ba ina kwana ba ya yara. Na sa aka sare reshen lemun da ya shiga gidanta, ina tsaye ina jin faɗuwarsa ta can. Kafar katangar da muke miƙa wa juna garwashi na toshe ta da laka da hannuna. Ta aiko aron turmi na ce yana da aiki, alhali yana kife. Ranar Sallah na raba nama gida-gida, nata na zaɓa mata ƙashi da jijiya, don dai kada a ce na tsallake maƙwabci. A sujada kuwa nakan fara da nema wa ƙanena rahama, in ƙare da Allah ya isa. Na yi ta tsara maganganun da zan gaya mata ina wanke-wanke, in gyara wannan in ƙara wa waccan kaifi, har tukunya ta fita fes ban sani ba.

Malam yakan ce, "Ke da kike kuka in an bugi jaki, ina kika samo wannan zuciyar?"

Nakan ce, "A ƙarƙashin makankari. Ba an ce akwai abu a wurin ba?"

Duk wannan bai wanke ƙanena ba, na sani. In an ambace shi a unguwa har lokacin sai a rage murya. Ba rigima nake so ba, don in na je na yi mata tijara, cewa za a yi abin ya taɓa ni. Bakin da ya ɓata shi nake so ya gyara, a gaban kunnuwan da suka ji. Yadda zan sa ta ne ban sani ba.

Sai babban ɗan Hajiya ya biya mata kujerar Makka.

Al'adarmu ce, maniyyaci yakan zaga dangi da maƙwabta neman gafara kafin ya tafi. Kowa ya san yadda ake yi. Mai tafiya ya ce a yafe masa, mai gida ya ce ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a saka mu a addu'a. Ko minti biyar ba a yi. A satin nan ma Malamarmu ta Islamiyya ta yi darasi a kai: aikin Hajji yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutane yana nan sai mai shi ya yafe. Hajiya tana sahun gaba tana gyaɗa kai. Ni ina baya ina kallonta, don na gane ranar ta zo.

Ta shigo wata Litinin da la'asar tare da mata biyu, da ƙullin goro. Na shimfiɗa musu tabarma a daidai inda akwatin yake a da. Na kawo ruwa. Ta gyara murya.

"To 'yar nan, tafiya ta matso, kowane lokaci za a iya kiran mu sansani. Zaman tare ne. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

'Yan rakiyar har sun buɗe baki za su ce amin.

Na ce, "Ban yafe ba."

Ɗaya daga cikinsu ta yi 'yar dariya, ta zaci wasa nake yi. Hajiya ta ce, "Me kika ce?"

"Na ce ban yafe ba, Hajiya. Kuma ba wanda ba ki sani ba ne. Wanda kika sani ne."

"Kan wannan katantanwar? Shekara biyu?"

"Kan ƙanena. Yana kabari, ba zai iya ce miki ya yafe ba, ba zai iya ce miki ƙarya kike yi ba. Ni ce bakinsa."

"Ke yanzu ɗakin Allah zan tafi, ki ce..."

"Allah ya kai ki lafiya. Ki tafi da shi, ai ba a auna irin wannan kayan a filin jirgi."

Na faɗa mata abin da nake so. Ranar Asabar ta miƙe a aji ta faɗi abin da ta faɗa, ta ce ƙarya ne. Sannan ta je Gadau ta faɗa wa Inna da bakinta. Ta tashi ta bar goron a tabarma. Na sa aka mayar mata.

Kwana huɗun nan gidana bai huta ba. Mijinta ya tare Malam a ƙofar masallaci. Malam ya shigo ya ce mini tsohuwa ce, a rufa mata asiri. Na ce ƙanena fa, wa ya rufa masa? Wata dattijuwa ta zo ta ce mai yafiya Allah yana son sa. Na ce haka ne, Baba, kuma zan yafe, ga ƙofa na nuna mata. Daga ƙarshe Hajiya ta kai ƙarata wurin Malama. Malama ta zo har gida, na buɗe mata littafin, na fassara mata shafin, na ɗora zaren kusa da hotonsa. Ta daɗe tana dubawa da tabarau. Ta rufe ta ce, "Haƙƙinki ne. Yafewa ta fi, amma ba a tilasta ki." Da za ta fita ta juyo ta ce, "Ni ma na ji maganar a lokacin, na yi shiru. Allah ya yafe mini."

Ranar Juma'a aka kira jirgin farko na ƙaramar hukumarmu. Sunanta na cikin na biyu.

Ranar Asabar aji ya cika fiye da kullum, har waɗanda suka daina zuwa sun tuna da karatu. Na ajiye ɓawon da littafin a kan teburin Malama. Hajiya ta miƙe tana murza gefen hijabi.

"Jama'a, in akwai wata magana da na taɓa yi wadda ta ɓata wa wani rai..."

Na ce daga inda nake zaune, "Babu in, Hajiya. Me kika ce?"

Ta dubi Malama. Malama ta dubi littafinta.

"Na ce yaron nan tsafi ya kawo."

"Sai me?"

"Na ce shi ya kashe shi. Na ce akwai gashin mutum."

"Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba. Ruwa ya fesa mini aka yi mini dariya, na ji haushi. Ƙarya na yi masa. Allah ya jiƙansa, yaro ne mai gaisuwa."

Muryarta ta karye a nan. An zagaya da littafin hannu-hannu, kowa na duba hoton tana duba zaren. Da ina son in ce na ji tausayinta a wannan lokacin, amma ban ji ba. Daɗi na ji, mai sanyi, tun daga wuya har ciki, kamar ruwan randa bayan azumi. Tausayin sai daga baya ya zo, kuma bai kai daɗin yawa ba.

Washegari ni da Hajiya muka shiga mota ɗaya zuwa Gadau. Ta durƙusa gaban Inna, ba ta ma gama magana ba Inna ta ɗago ta tana cewa ba komai, ba komai, dama na san ɗana. Saurin yafewar ya ba ni haushi. Na tuna ranar da ta kama hannuna a ɗaki, amma ban tuna mata ba. Da muka fito tsakar gida na ji Inna daga ciki tana kiran sunansa tana addu'a da ƙarfi, yadda ba ta yi ba tun rasuwarsa. Maƙwabtanta suna amsawa ta kan zana.

A hanyar dawowa na ciro ɓari ɗaya na ɓawon daga jaka na ɗora mata a cinya. Na ce tunda ta Jidda za ta bi, ta mayar da shi tekun da Allah ya halicce shi. Abin da na faɗa ke nan. Abin da ban faɗa ba, so nake ta kwana ta tashi da shi a cikin jakarta, kusa da carbinta da hijabinta, abin da ta kira tsafi. Ta riƙe shi da gefen mayafi. Ta ce, "Yanzu kin yafe?" Na ce, "Na yafe." Na faɗa a fili, direba ma ya ji.

Bayan kwana arba'in ta dawo, ta rame, da haƙorin Makka. Ta aiko mini da dabino da zamzam, sannan da yamma ta shigo da kanta ta kwance wani ƙullin tsumma. Ɓarin ne. Ta ce daga jirgi mota aka zuba su, ko ƙyallin teku ba ta gani ba, kuma ta ji tsoron yar da shi a wani wuri kada yafiyar ta warware. Da shi ta je Madina, da shi ta je Mina, da shi ta tsaya Arfa. Matan unguwa da suka ji suka ce to makankari ya riga da yawansu sauke farali. Na yi dariya ranar, ta gaske, ita ma ta yi.

Ɓarin da ya je Makka na kai wa Inna, a ciki take ajiye carbinsa. Ɗayan shi ne a kan kabad. Yanzu in an ambaci ƙanena a unguwa cewa ake yi mai makankari, Allah ya jiƙansa, da murya irin wadda ake ambaton kowa. Ni da Hajiya muna gaisawa har da ya jiki ya yara, turmina ma yakan je gidanta. Kafar katangar dai ban buɗe ba. Lemun nan kuwa tunda aka binne naman a gindinsa yake 'ya'ya kamar me, kuma duk shekara sai ya miƙa reshe ta kan katangarta. Da na ga ya leƙa nakan sa a sare.